Matata Tana Tari Idan Na Shigo Ɗaki

Tanti Balkisu, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Ni mai gasa nama ne a Sabon Gari, a bakin tukuba nake wuni. Matata tana da ciwon asma tun tana yarinya, yanzu kuma tana ɗauke da cikin fari, ya shiga wata na shida. Da na dawo gida na yi sallama sai tari ya turnuƙe ta, ƙirjinta ya riƙa fito, ta kama bakin gado tana neman iska. Gwaggona ta ce cikin ne ya tsane ni, wai ita ma haka ta yi wa mijinta. Na gwada fesa turare don in gyara, abin ya ƙaru. Yanzu a zaure nake cin tuwona kamar baƙo, har maƙwabta sun fara tambaya ko mun yi faɗa. Jiya na gano ta daina shaƙa maganinta, wai tana tsoron ya taɓa yaron. Mahaifiyarta kuma tana so ta ɗauke ta zuwa gidansu a Tibiri har ta haihu. Ina son matata, Tanti, amma da naman nan nake ciyar da ita. In bar sana'ar ne, ko in bar ta ta tafi?

Mai tukuba, Maraɗi

Ɗana mai tukuba, kwantar da hankalinka, ba kai aka tsana ba, hayaƙin da ke jikin rigarka ne. Ka ajiye bokiti da sabulu a zaure, ka yi wanka ka sake kaya kafin ka shiga wurinta. Turaren nan ka ba abokinka. Na wuta ma a dakata da shi, a ɗaura gidan sauro maimakon kunna maganin sauro mai hayaƙi.

Barin maganin asmar shi ya fi damuna. Da numfashin uwa ɗan ciki yake rayuwa, in ta rasa iska shi ma ya rasa. Gobe ka raka ta awo da abin shaƙar a hannu, ta faɗa wa ungozoma da likita tsoronta, su duba ƙirjinta su tsara mata yadda za ta yi amfani da shi.

In abin ya taso, ka zaunar da ita ta ɗan sunkuyo gaba, ka sassauta mata zane, ka buɗe taga, ka miƙa mata maganin, kai kuma kada ka ruɗe. In magana ta gagare ta, ko leɓenta ya sauya launi, ko maganin bai yi aiki ba, ko motsin yaron ya ragu, sai asibiti nan take.

Surukarka tausayin 'yarta take ji, kada ka ga laifinta. Amma ka tambaya cikin ladabi: da icce ake girki a can? Wa zai kai ta asibiti in ta rikice? Ka kuma tambayi mai cikin inda ta fi so, ita ce ke numfashin. Sana'arka ka riƙe ta, akwai ragon suna a gabanka.

Allah ya sauke ta lafiya, ya ba ku mai albarka.