Ranar da Na Buga Ƙarfen Gari

Juma'a. Aikin farko: kai tif wajen mai faci.

Zuwa ga matata Saliha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Mu nan ƙalau muke, sai kewarki.

Na kawo yara, Zulaiha da Usama, ƙauye. Na san kin ce a bari sai kin dawo daga Kaduna, amma hutun makaranta ya kusa ƙarewa, kuma kowa a kasuwar Birnin Gwari cewa yake hanyar Randagi ta lafa. Na tambayi masu babur, na aika an tambayi Baba Ɗalha, ƙanin mahaifina, na sake komawa wajen masu babur. Duk da haka tun daga gari idona na kan daji. Duk kurmin da muka ratsa sai na ƙara rungume Usama.

Mun sauka a bukkar gonar Baba Ɗalha, gindin duwatsu, kusa da kogi. Na kafa tamfol, na ɗaura gidan sauro, mun gasa masara. Jaji mai kwale-kwale ya zaga da mu, yana tsokanar Zulaiha wai 'yar birni ce, ko a kwano ta ga ruwa sai ta nemi matuƙi. Ta rama da cewa jirginsa ya fi rariya yoyo. Na manta rabon da in ji ta yi dariya haka.

Gobe za su hau tif ɗin tayar mota a gefen da ruwa ke kwance, inda muke wanka muna yara. Na sayi sabuwar igiya, na gwada ƙarfinta a jikin bishiya. Babu sabis a nan, shi ya sa na koma takarda. Ban sani ba ko na yi daidai. Ki sa mu a addu'a.

Mijinki,
Isiyaku

Asabar, bayan magariba.

Saliha,

Sallama. Ina fatan ke da Inna kun wuni lafiya. Ban san ko zan aiko da wannan ba, amma in ban rubuta ba kaina zai rabe.

Ba mu ga Zulaiha ba. Bari in faɗa miki a jere.

Da hantsi na ɗaure tif a saiwar wata bishiya. Usama ya hau, na sauke shi, Zulaiha ta hau. A nan ko yayyafi ba a yi ba, ashe an kwana ana ruwa a kan duwatsu. Sai na ga kogin ya yi ja, yana tafe da karare. Igiyar ba ta tsinke ba, saiwar ce ta tumɓuke da ƙasarta. Na ga yarinyar ta ƙanƙame tif, ta waiwayo ni, kwanar kogi ta ɓoye ta. Na faɗa ruwa, ya maka ni da dutse, ya tofo ni gaɓa.

Na saɓa Usama na ruga cikin gari. Akwai tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a ɗorawar dandali. Muna yara, in gobara ta tashi ko ruwa ya ci mutum, shi ake bugawa, kowa ya fito da guga da igiya. Na buga shi iya ƙarfina.

Saliha, gari ya watse. Mata da goyo, maza na jan awaki, 'yan coci da masallata, kowa ya nufi daji, babu mai ko tari. Ina cewa ruwa ne, yarinya ce, babu wanda ya waiwayo. Jaji da nake nema, bayansa kawai na hango yana shigewa cikin dawa. Baba Ɗalha kaɗai ya rage, don ƙafarsa ba ta gudu. Shi ya gaya min tun da mutanen daji masu bindiga suka fara shigowa, ƙarfen nan abu ɗaya yake nufi: a gudu. Bai yi min faɗa ba. Cewa ya yi laifinsu ne da ba su gaya wa baƙo ba. Baƙo, a garin da aka binne cibiyata.

Na bar masa Usama na bi gaɓa ina kiran sunanta har muryata ta dushe. Na kai inda gonaki suka ƙare, na ga sawun babura a taɓo, amma na wuce. Can gaba na sami tif maƙale a wata faɗaɗɗiyar bishiya. Babu kowa a kai.

Da la'asar maza suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Jaji ya saka jirgi yana nemanta har duhu ya hana shi. Wasu mata har yanzu ba su dawo ba. In ta fita daga ruwan, to a gefen daji ta fita. Na ɗaga hannu zan yi addu'a, na rasa wanne zan fara neman tsari daga gare shi, kogin ko mutanen.

Mijinki,
Isiyaku

Lahadi, da la'asar.

Zuwa ga Saliha,

Assalamu alaikum. Yaya Inna, yaya gajiyar asibiti? Ki fara karanta wannan kafin ta jiya. Tana raye. Ga ta nan a ɗakin Baba tana cin fate.

Deborah ce ta tsamo ta, matar Micah maƙwabcin Baba. Da na buga ƙarfe, ita da wasu mata sun gudu zuwa wani kwazazzabo a bakin kogi, inda suke ɓuya. Ta hango tif yana juyi a gindin gaɓa, ta kwance zanenta ta jefa, Zulaiha ta kama, suka janyo ta.

Ashe na wuce ta kansu, Saliha. Sun ji ni. Zulaiha ta buɗe baki za ta amsa, Deborah ta toshe mata shi. Ta ce mutanen daji haka suke yi, su sa wanda suka kama ya kira iyalinsa har su fito. A ganinsu duk mai ɗaga murya bayan ƙarfe, bindiga ce a bayansa. Ta raɗa wa yarinyar cewa in ta amsa, ita da babanta duk sun tafi. A nan suka kwana, sai da safe Micah ya gano su.

Deborah ta durƙusa tana ba ni haƙuri, ni ma na durƙusa, muka rasa mai tayar da wani. Matar Jaji ta gurɗe ƙafa wajen gudu, awakin mutane sun ɓata. Har yanzu babu wanda ya gaya min baƙar magana, ni kuwa da sun faɗa da na fi samun sauƙi.

Jikin Zulaiha lafiya, sai ƙurjewa a hannu. Tana yi wa Usama magana ƙasa-ƙasa. Amma in na kira ta, sai ta ɗora hannunta a baki, ta leƙa bayana. Na gwada da safe, na gwada bayan azahar. Baba ya ce abin zai wuce. Ni ban sani ba.

Ki gaida Inna, kada ki gaya mata tukuna. Ki yafe min. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Isiyaku

Ayyukan gobe:
Kai matar Jaji wajen mai ɗori.
Bin Micah neman awaki.
Kwance tamfol.
Nemo mai babur da zai tafi da rana tsaka.
Zama da Zulaiha a fili, inda za ta ga babu kowa a bayana, in sake kira.