Wa Zan Damƙa wa Inna a Jirgin da Babu Direba?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Aikin Jirgin Ƙasa na Cikin Birni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Ranar kasuwar da ta wuce ma'aikatanka suka zo da lasifika, suka ce za a tsawaita layin jirgin nan mai tuƙa kansa har bakin birni ta ɓangarenmu. Idan an gama, motocinmu na haya za su daina shiga gari, a sabuwar tasha za su sauke mu, jirgi ya ƙarasa da mu. Aka yi tafi, ni ma na yi, don ba na gaba da ci gaba. Amma da na yi tambaya, matashin da ke riƙe da lasifikar ya ce na'ura ba ta ɓatan hanya, aka yi dariya aka watse. Ni kuwa ba hanya na tambaya ba, shi ya sa na kawo maganar gabanka.

Na farko, mahaifiyata Inna idonta na hagu ya riga ya tafi. Na daman ne likitoci ke lallaɓawa a asibitin ido na birni, kowane wata sai ta je. Ni kaɗai ne ɗanta a gida, kuma wanda ya bar gonarsa da damina ciyawa ya yi wa shuka. Don haka nakan kai ta tasha da sassafe in damƙa ta amana ga Malam Ɗanladi direba. Shi zai zaunar da ita a gaba, ya sauke ta a ƙofar asibiti, da yamma ya biya ya ɗauko ta. Akwai ranar da ba ta fito da wuri ba, ya tsaya da mota maƙil da fasinja, suka yi mita har suka gaji, bai tashi ba sai da ita.

Na biyu, ba Inna kaɗai ba ce. A wurinmu direba ba sitiyari kawai yake riƙewa ba. Shi ake ba wa mai jego da makaho da tsohon da bai iya karatu ba, har ƙullin daddawar da za a kai wa 'yar da ke aure a birni. In wani abu ya faru, mun san gidansa, mun san mahaifinsa. Ranka ya daɗe, ina gidan jirginka yake?

Na uku, an ce ƙofarsa da kanta take buɗewa ta rufe. Inna kuwa kafin ta miƙe sai ta lalubi sanda, ta gyara mayafi, ta yi bismilla. Ƙofar da babu mai tsaronta ba za ta jira wannan ba. Da na ba ta labari, cewa ta yi ta haƙura da asibitin, abin da Allah ya rubuta shi zai faru. Maganar nan ta ƙona mini rai, domin Inna ba ta magana biyu, kuma likita ya gaya mana in aka daina zuwa, makanta ce.

Ban ce a dakatar da aiki ba. A gina, a faɗaɗa, Allah ya sa albarka. Roƙona a sa mutum a kowane tarago, mai jin Hausa, wanda aikinsa karɓar amana ne daga tasha har inda za ta sauka. Direbobinmu sun daɗe da ƙwarewa a wannan, a fara ɗauka daga cikinsu. In hakan ya gagara, a bar motar da ta ɗauko mara lafiya ta wuce cikin gari. Na tabbata za ka iya, kuma yanzu ne lokacin, tun ran gini ran zane.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare maka ganinka har tsufa. Ranar da aka buɗe layin zan zo tashar da Inna, in nemi wanda zan ba wa ita. In ban samu kowa ba, ofishinka za mu taho, in sa hannunta a naka.

Wassalam.

Naka,
Manomi daga karkarar Tsanyawa