Kakar da Zipora ta zo gani

Kafanchan,
28 ga Oktoba.

Zuwa ga ƙanena Silvanus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Patricia da yara, kuma sanyin ƙasar nan taku bai fara gasa muku aya a hannu ba. Allah ya kiyaye shigarku da fitarku, ya ba ka ƙarfin aiki. Mu nan muna lafiya, sai gwiwoyina da ka sani. Maigidana Jonathan yana gona kullum, an fara yankan acca, cittar bana kuma ta yi kyau. 'Yarka Zipora ta tashi daga Abuja ranar Litinin, na san yanzu ta iso hannunka. Na ƙi kiranka a waya da gangan, don in na ji muryarka zan yi ta faɗa ne har kati ya ƙare ban faɗi abin da ya kamata ba. Saboda haka ka nemi kujera ka zauna.

Ka tuna saƙon da ka turo mini a watan Agusta? Ka rubuta cewa Zipora tana so ta zo gida ta ga kaka, kuma in riƙa yi mata Hausa zalla don ta koya. Ni da na karanta, ban tsaya wata-wata ba, na hau mota zuwa ƙauye na faɗa wa Mama cewa takwararta, wadda ba ta taɓa riƙewa a hannu ba, za ta ƙetaro teku don ta gan ta. Silvanus, da ka ga tsohuwar nan. Ta sa aka shafe ɗakin baya, ta ware kaza guda ta hana kowa taɓawa, ta ciro zanenta na Zumuntar Mata daga akwati. Duk matar da ta zo gaisuwa sai ta ji labari, har fasto ya sanar a coci.

Yarinya ta iso ranar Litinin da ƙatuwar jaka a baya da takalma kamar na soja. Yarinyar kirki ce, ban ga laifin tarbiyyarta ba. Washegari na ce mata mu shirya mu je mu ga kaka. Ta yi tsalle ta ce e, kaka, ta jawo ni zuwa ruwan Matsirga, wanda ke zubowa daga kan dutse. Na ce to, baƙuwa ce, bari ta sha iska kwana ɗaya. Laraba kuma sai dutsen Kagoro. Ni Rosemary, da shekara sittin da ɗaya, wadda ko matakalar coci sai na dafa bango, ni ce ina rarrafe a kan dutse ina riƙe ciyawa, ita kuwa tana can sama tana ƙwanƙwasa duwatsu da 'yar guduma, wai karatun da take yi ke nan. Duk inda muka huta sai ta buɗe waya ta nuna mini hotunan wani jan kwazazzabo na hamadar ƙasarku, mai zurfin da ba a ganin ƙasansa, ta ce irinsa take nema a nan. Alhamis muka yini a duwatsun wajen Kwoi. Kullum in na ce mata kaka fa, sai ta buɗe hannu ta nuna gonaki da dawa da ta fara nuna, ta ce kaka tana da kyau sosai. Ni kuma in ce a raina, oh, yarinyar nan ko hoton Mama aka nuna mata. Haka muka yi kwana huɗu, kowa yana jin ya fahimci ɗan'uwansa.

Ranar Juma'a haƙurina ya ƙare, na ajiye dokarka ta Hausa zalla, na tambaye ta da Turanci sarai ko yaushe za ta je wurin uwar ubanta. Nan asiri ya tonu. Ashe ita lokacin shekara take nufi, wannan da ganye ke ja yana zuba a wajenku. Ta tambaye ka sunansa da Hausa, ka ce mata kaka, ka kuma rubuto mini haka ba tare da ka tuna cewa kalmar tana da uwa a ƙauye ba. Da a nan abin ya tsaya da mun yi dariya. Amma ta ce ta sa ranar ƙarshe ce don ta leƙa Mama na awa ɗaya, saboda kai ka gaya mata tsohuwa ta rikice, ba ta gane mutane. Wa ya faɗa maka haka? Idonta ne ya yi yana, kanta ras yake, ta fi ni da kai tuna ranar haihuwarka. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu bai gama hucewa ba. Kwana huɗu Mama tana ɗaura zanen nan tun safe, tana zama a gindin mangwaro tana sauraron ƙarar kowane mashin da ya wuce.

Asabar muka kama hanya, sai ga ruwan ƙarshen damina kamar da bakin ƙwarya. Rafin da ke gaban Zangon Kataf ya cika ya shafe hanya, muka tsaya awa uku muna kallonsa, muka juyo. Lahadi ban je sujada ba, Allah ya gafarta mini, muka sake fita da sassafe. Mota ta kafe a laka, muka ƙarasa a kan mashin, zanena duk jar ƙasa. Rana ta yi tsaka kafin mu shiga gida.

Mama ta kama fuskar yarinyar da hannu biyu ta shafa tun daga goshi har haɓa, ta ce wannan kunnuwan Silvanus ne, Allah ya ba ta haƙuri. Zipora ta miƙa mata waya don ta ga hotuna, sai na ja hannunta a hankali. Da Mama ta tambayi abin da ya tsare mu, ban rufa wa kowa asiri ba, na faɗa mata takwararta kwazazzabo take nema. Ta yi dariya har da tari. Ta ce ai ga shi nan bayan dutsen ƙauyenmu, a can saman aka haife ta kafin mutane su sauko, kuma a cikinsa take ɗiban ruwa tun ba ta kai tsayin tulu ba. Ta shiga lissafa shi da ka: inda dutsen yake ja, inda yake fari yana marmashewa a hannu, inda ake matsewa a bi gefe-gefe, da kogon da suke fakewa in ruwa ya tare su. Tana faɗa da yarenmu, ina juyawa, Zipora tana ɗauka a waya tana share hawaye. Abin da ta sa na karya gwiwa kwana uku ina nema, yana zaune a gindin mangwaro yana jiranmu. Ba ta samu ta hau ba, don dole mu juyo kafin rafi ya sake cika. Awa uku suka yi tare, ko kazar ba ta gama ci ba.

Da za mu tashi, Mama ta riƙe hannuna ta tambaye ni yaushe za ka zo. Shekara goma sha ɗaya ke nan, Silvanus. Na ba ta amsar da kake ba ni kowace shekara, cewa sai da kaka in aiki ya yi sauƙi. Sai ta ce in rubuta maka, tun da kai ne mai rikita kalmomi, cewa kaka biyu ce: ɗaya tana dawowa duk shekara ko ba a gayyace ta ba, ɗayar kuwa in ta tafi ta tafi. To, na rubuta.

Ka gaida Patricia da Derrick da Theresa. Ka gaida Zipora, ka ce mata ta bar gudumarta a ɗakina, na ajiye mata. Jonathan da Kevin da Gwaggo Beatrice suna gaishe ku duka. Kada ka turo hotuna a madadinka, ba ta gani. Ɗakin baya yana nan a shafe, ta hana a mayar da buhunan acca ciki.

Ni ce yayarka,
Rosemary.