Damisa a Mataki na Bakwai

Samaru, Zariya.

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da dukan mutanen gida a Kagoro. Yaya ƙafar? Mu nan lafiya lau, ni da surukinki Felix da jikarki Sarah.

Na san Yaya Mordecai ya riga ni kai ƙara. Shi ya sa na zaɓi in rubuto, domin a waya ba kya barina in kai ƙarshen magana.

Kin san bayan koyarwar da nake yi a sashen ƙididdiga na jami'a, ina da ɗan shiri duk Asabar a wani gidan rediyo a Sabon Gari, inda nake jera ƙungiyoyin ƙwallon kwando na gasar ƙwararru daga mai ƙarfi zuwa mai rauni. Kakar bana ba ta yi nisa ba. Damisa, ƙungiyar da Yaya yake horarwa, ta buga wasa huɗu ta ci duka, gari ya ɗauka kofi ya riga ya shigo Zariya. Ni kuma na sa su na bakwai cikin goma sha biyu.

Ba yawan nasara kaɗai nake dubawa ba, Mama. Ina duban wanda ka ci, da tazarar makin da ka ba shi, da yawan ƙwallon da ta kuɓuce maka. Waɗanda Damisa ta ci su ne na can ƙasa, kuma da ƙyar. Shi Yaya mutum biyar yake sakawa tun farko har su galabaita, sauran suna zaune a benci, in an shiga kwatar ƙarshe sai makinsu ya zube. Ke malama ce, kin san bambancin yaron da ya haye jarrabawa mai sauƙi da ƙyar da wanda ya faɗi mai wuya da maki ɗaya.

Da aka buɗe layin waya ga masu sauraro, wani ya ce in koma kicin. Wani ya zage ni da Turancin buroka, bai san ina ji ba. Mai naman da nake saya a wurinsa a kasuwar Samaru ya miƙo mini ƙunshi bai ɗago kai ba. A coci kuwa Yaya ya bar bencinmu ya koma can gefen mawaƙa, ya gaya wa Felix wai ƙanwarsa ta tuɓe masa riga a bainar jama'a.

Ban tuɓe wa kowa riga ba. Abin da ya faru a fili na lissafa, kuma ba zan sauya ba.

Ki gai da matar fasto da duk masu tambayata.

'Yarki,
Clara.

Samaru, Zariya.

Mamana,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Direban ya kawo takardarki, har da citta da daddawar. Na gode, Allah ya ƙara girma.

Na karanta inda kika ce babba babba ne, in je in ba Yaya haƙuri. Mama, tun ina ƙarama nake durƙusa masa in gaishe shi, kuma ba zan daina ba. Shi ya fara sa mini ƙwallo a hannu a filin makarantarku, shi ya koya mini rubuta maki a gefen fili lokacin da gwiwata ta hana ni ci gaba da wasa. In na yi masa rashin kunya, gobe da safe zan je Bomo in same shi a gida. Amma in haƙurin shi ne in ɗaga shi sama, to kocin ƙungiyar Fatakwal fa, wanda zan sauko da shi, shi da ba shi da ƙanwa a rediyo?

Alhaji Dalhatu, mai ƙungiyar, ya kira ni shagonsa na kayan gini a Sabon Gari. Shi ne kuma yake ɗaukar nauyin shirina. Mutum ne mai mutunci, bai ɗaga murya ba, har kunun aya ya sa aka kawo mini. Ya ce yaran sun karaya, wasu sun bar garuruwansu sun zo saboda wannan ƙungiya, kamfanin da ke shirin tallafa musu ya fara ja da baya. Ya ce bai nemi na ɗaya ba, ko na uku na sa su ya isa. Maganarsa ta taɓa ni, don na san yaran nan ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa, ranka ya daɗe, in na ba ka na uku yau don ka roƙa, ranar da kuka cancanci na ɗaya babu wanda zai yarda da ni.

Kafin Asabar manajan gidan rediyon ya kira ya ce a ɗan dakatar da ni. An ba wani saurayi shirin, ya buɗe baki ya ce Damisa ce ta ɗaya, aka yi ta tafi. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka a mota. Da na share fuska na ɗauki muryata a waya, na karanta jerin kamar yadda na saba, na tura wa ɗalibaina. Yanzu har a tasha ake sauraro, yawanci don a zage ni. Su saurara dai.

Ki yi mini addu'a, amma kada ki roƙi Allah ya sauya mini ra'ayi.

Taki,
Clara.

Samaru, Zariya.

Mama,

Ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya damina? Sarah ta ce a gaya miki haƙorinta ya fita.

Na san labari ya iso. Ƙungiyar Legas, wadda na sa ta ɗaya, ta zo Zariya, Damisa ta ci ta da maki shida. Ina wurin. Felix ya so in zauna a gida, na ce kujerar gaba ma zan zauna. Da aka busa tashi, jama'a suka juyo kaina suna rera na bakwai, na bakwai, wani har da jefo ledar ruwa. Ban motsa ba sai da na gama rubutuna. Kuma sun yi wasa, Mama. Sati, dogon nan ɗan Zonkwa, ya hana mutanen Legas sakat a ƙarƙashin kwando. Na yi murna har cikin zuciyata.

Na sake lissafi, suka hau na huɗu. Alhaji Dalhatu ya aiko cewa in na sa su na ɗaya na ce na yi kuskure, shirina yana jirana. Na ce a yi masa godiya, shirin ya ci gaba da jira.

Ranar Litinin da rana, ina zuba abinci, sai ga Yaya a ƙofa, ko gaisuwata bai amsa ba. Ya ce, "Clara, na huɗu? Mun ci na ɗayanki." Na ce, "Wasa ɗaya ne, Yaya." Ya ja kujera ya ce in nuna masa. Muka yi ta musu har tuwo ya huce. Can ya ce lissafina makaho ne, domin bai san wahalar hanya ba: uku daga wasanninsu na farko a waje suka buga, yaran sun sauka daga bas da kumburarrun ƙafafu suka shiga fili.

Gaskiyarsa ce, ban saka wannan ba, kuma na faɗa masa haka. Ya gyara zama yana murmushi. Na ce amma in zan saka, kowa zan saka wa. A gabansa na buɗe kwamfuta na shigar da tafiyar dukan ƙungiyoyin. Ashe mutanen Maiduguri, da ke bayansu, sun ninka su shan hanya. Suka haye, Damisa ta sauko na biyar.

Ya daɗe yana kallon kwamfutar. Ya ce in cire abin da ya sa na saka. Na ce ai hujjarsa ce, kuma mai kyau ce, ta zauna ke nan. Ya miƙe, ya wanke hannu, ya cinye tuwon Felix tas, ya ce miyar ta yi gishiri, ya fita.

Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai ba ni ba. Asabar mai zuwa na biyar zan karanta, kuma zan faɗi sunan wanda ya gyara mini lissafin.

Allah ya kiyaye mana ke.

'Yarki mai ƙaunarki,
Clara.