Haruffana a Bakin Fadamar Baba

Makarfi, daren Laraba, 1962

Ko tuwo na kasa ci. Yau na je Likoro duba rake, na tarar an kafa allo a bakin fadamar da Baba ya bar mana: AN SAYAR, KADA KOWA YA SHIGA.

Tun daga nesa na gane haruffana. Ni na yanka su a jikin gwangwani, masu kauri, ba ƙafa ba jela, sun karkata gaba kamar masu gudu. Don manyan motoci na yi su, yadda za a karanta ko mota na tafe a guje. Ba su iya lallashi ba, sai tsawa.

Makon jiya Yaya Sule ya zo rumfata ya ce, "Audu, ara mini haruffan nan, motar wani abokina za mu yi wa ado." Har fenti na ƙara masa, na ce Allah ya ba da sa'a.

Uwa ɗaya, uba ɗaya! Yau ina tsaye a gaban allon, wani mai wucewa ya ce, "Malam Audu, aikinka ya fito!"

Ya fito kam. Da hannuna aka kore ni daga gonar ubana.