Babur Ɗin da Ya Kai Ɗanliti Rugage

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifina, Malam Haruna malamin dabbobi. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinka.

Baba, an yanke wa Ɗanliti hukunci. Kotu ta tabbatar shi ne uban ɓarayin shanu, a gonarsa ake ɓoye abin da aka koro, motocinsa ke kai su kasuwannin nesa. Da na ji, na so a ce kana raye. Daga baya na ga gara da ba ka ji ba.

Ka tuna lokacin da ya fito neman kansila? Ko fosta ta kirki ba shi da ita. Ya zo ya durƙusa a zaurenmu, maraya, ɗan amininka, ka goya shi a babur ɗinka. Shekara da shekaru kana yi wa shanu allura daga Roni har Gwiwa, babu rugar da ba ka san hanyarta ba, har na bayan duwatsu da mai unguwa bai taɓa takawa ba. Kai ka koya min cewa makiyayi ba ya nuna wa baƙo makwancin garkensa. Amma duk inda kuka tsaya sai ka dafa kafaɗarsa ka ce, "Wannan ɗana ne." Suka dama masa fura a ƙwaryar manyan baƙi, suka zagaya da shi cikin shanu.

Ya ci kansila, ya zama ciyaman, ya wuce majalisa. Daga gaisuwar durƙuso ya koma ɗaga maka hannu ta gilashin mota, kai kuwa kana ta nema masa uzuri, wai aiki ne ya sha kansa.

Sannan aka fara kore shanu. Ba ko'ina ba, Baba. Rugagen da babur ɗinka ya bi, ɗaya bayan ɗaya. Inna ta ce tun lokacin ba ka ƙara cinye tuwonka ba.

Ranar jana'izarka ya iso da jiniya, ya shige sahun gaba, masu ɗaukar hotonsa suna ture dattawa. Ardo Buba kuwa, wanda kuke cin abinci a akushi ɗaya, ko gaisuwa bai aiko ba. Babu makiyayi ɗaya da ya zo. Abin ya ci min rai, har yau yana ci.

Yanzu ni ke kan babur ɗin, da akwatin allurarka. Da makiyaya sun ji ƙararsa sai a kaɗa shanu daji, na tarar da kashin shanu mai ɗumi da mata da ba su san komai ba. A Kazaure kuwa magoya bayan Ɗanliti sun fara cewa bi-ta-da-ƙulli ne na siyasa, har an buga sabuwar fosta yana murmushi.

Shi ya sa na karɓo takardar hukuncin, na kai wa Ardo Buba, na karanta masa daga farko har ƙarshe don ya ji babu sunanka a ciki. Mutumin da a da ba a iya hango ƙarshen garkensa, yanzu awaki yake kiwo. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Mu ba mu taɓa cewa Malam ɓarawo ne ba. Cewa ya yi Ɗanliti ɗansa ne, muka yarda." Ya dubi babur ɗin, ya dube ni. "Kai ma ɗansa ne."

Ko ruwa ba a kawo min ba. Na naɗe takardata na juyo.

Ba na jin haushinka, Baba, ko da na so. Zuciyarka ce ba ta iya zargi ba. Kewarka kawai nake yi, da tausayin sunanka, da kotu ba ta da ikon mayar mana.

Allah ya gafarta maka, ya saka wa waɗanda aka zalunta, ya bi maka haƙƙinka a ranar da ba a ɗaukaka ƙara. Amin.

Ɗanka,
Kabiru