Jakar ta koma bayana

Daren Laraba, gidan Yaya Rabi, Shanono.

Yau ma da la'asar muka baro ƙauye saboda ɓarayin daji. Jakar bayan nan da Baban Sadiku ya sayo a gwanjo ba ta gajiya. Bargo, gari, kayan yara, duk ta haɗiye, ko zare bai tsinke ba. A da a ƙirji nake rataya ta, don Sadiku na goye. Igiyar na cin wuyana, ina ta tsaki.

Yau na goya ta yadda aka yi ta. Laushi, babu ciwo ko kaɗan.

A hanya babansa ya ce, “Ta dame ki?”

Na ce a'a.

Rigunan Sadiku suna aljihun gefe tun ranar da zazzaɓi ya ɗauke shi. Na kasa cirewa. Wallahi gara ciwon wuyan.